Kunnen Gari: Ɗan Jaridar Da Ba A Haifa Ba

Masu iya magana sun ce da ɗan gari kan ci gari. Duk marubucin da ya taɓa zama ya tsara labarin sata ko na kisan kai ya san gaskiyar wannan magana, domin komai jarumtar tauraronsa, akwai inda zai kai ya tsaya cak, sai an sami wani wanda ya san lungu da saƙo ya raɗa masa a kunne cewa ga inda aka bi da kayan. To, a kan wannan mai raɗa muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, musamman idan ya kasance ɗan jarida ne mai bin labaran laifuffuka. Abin da ya jawo hankalinmu gare shi kuwa wani wasa ne da muka shafe zangon karatu uku muna yi da ɗalibanmu a ƙungiyar Hausa ta wata makarantar sakandare a nan kudancin Kano.

Bari mu fara da bayanin wasan, don kada mu bar mai karatu a duhu. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a hawa dandamali, ba a sa kayan wasa, ba a kuma haddace komai. Mutum biyar ko shida ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan wasa, shi ke bayyana gari da mutanensa da abin da ya auku. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ya riƙa faɗin abin da mutumin nan zai yi. Idan abin da ya ce zai yi mai wuya ne, alal misali tsallake katanga ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta wasan lido, abin da ta nuna shi ne hukunci. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai jan wasan. A Amurka aka fara buga irin wannan wasa a matsayin littafi na sayarwa, a shekarar 1974, wato shekarar da aka kammala dam ɗinmu na Tiga, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons. Mu kuwa wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, wanda ya koyar da lissafi a makarantarmu, ya nuna mana yadda ake yi, ya bar mana ƙwayoyinsa da zai tafi.

Da muka zauna muka duba da kyau, sai muka ga ashe baƙon nan yana da dangi a gidanmu. Duk wanda ya tashi a karkara ya ji labarin kalankuwa, inda bayan an kawar da amfanin gona samari da 'yanmata kan naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan sanda a tsakaninsu, a yi kwanaki ana shari'a ana cin tara, ba tare da wani ya rubuta musu abin da za su faɗa ba. Haka matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa a wasan gauta, haka kuma yara ke zama tsofaffi da gwauraye a lokacin tashe. Abin da Bature ya ƙara kawai shi ne tebur da takarda da ƙwayar jefawa. Wannan ne ma hujjar da muka kai gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, sa'ad da wasu iyaye suka ji ana jefa ƙwaya suka ɗauka caca ce. Ba mu ga laifinsu ba, domin a can Amurka ma iyaye sun yi ta tayar da jijiyar wuya a kan wasan a shekarun 1980. Muka gayyaci biyu daga cikin dattawan suka zauna suka kalla, suka ga ba a sa ko kwabo, suka ga kuma yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba yana kare kansa da hujja. Daga nan aka bar mu.

A cikin ire-iren waɗannan wasanni akwai waɗanda aka gina su a kan bincike. Call of Cthulhu, wanda ya fito a 1981, masu wasansa duk masu bincike ne, kuma aikin jarida na cikin sana'o'in da mutum kan zaɓa. Shadowrun kuwa, na 1989, ya shahara da wani tsari da ya burge mu ƙwarai: kowane ɗan wasa yana da waɗanda za mu kira idon sani, wato mutanen gari da yakan je wurinsu neman labari ko alfarma, kamar mai sayar da abin sha, ko ɗan sanda, ko ɗan jarida. Mai jan wasa ne ke magana da bakinsu. A bugun wasan na baya-baya har maki biyu ake ba kowane idon sani, ɗaya na yawan mutanen da ya sani, ɗaya na iyakar amanar da ke tsakaninsa da kai. Wato dai mai yawan sani ba lalle ne ya so ka ba, mai son ka kuma ba lalle ne ya san komai ba. Wannan tsari muka ara, muka yi masa riga da hula irin tamu.

Ba mu sha wahalar neman labarin da za mu ɗora wasan a kai ba. Wanda duk ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada ta shiga dajin Falgore ta nufi Jos, ya san irin zaman ɗar-ɗar da aka yi a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da satar shanu da tare hanya da sace mutane suka addabi jama'ar Doguwa da kewaye, har ta kai sojoji suka kafa wurin horo a cikin dajin. Ɗalibanmu a cikin wannan suka yi wayo. Akwai wanda aka kore shanun kakansa, akwai wadda ta san daren da aka hana kowa kunna fitila. Saboda haka muka ƙaga wani ƙauye a bakin daji, ba mu ba shi sunan kowane gari na gaske ba, muka ce an wayi gari an kore shanu arba'in, mai unguwa ya tara mutum biyar ya ce su gano inda aka kai su. Ɗaya ya zama ɗan banga, ɗaya direban motar haya, ɗaya malamar asibiti, ɗaya ɗan mai unguwa, ɗaya kuma mai sayar da katin waya.

Idon saninsu shi ne ɗan jaridar. Yaran ne suka raɗa masa suna Kunnen Gari. Mun ba shi tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, da ɗan littafin rubutu da ruwa ya taɓa jiƙawa, da mata da 'ya'ya uku a gidan haya, da wata jaridar mako-mako a birni wadda ke riƙe masa albashin wata huɗu. Mazauninsa teburin mai shayi a bakin tasha, domin a nan direbobi da 'yan kamasho da dillalan shanu ke sauke abin da suka kwaso a hanya. Ya san ɗan sandan da ke rubuta rahoto a caji ofis, ya san magatakardan kotu, ya san mai wankin gawa a asibiti. Bai iya faɗa ba, ko sanda ba ya riƙewa.

Sa'an nan muka gindaya masa sharuɗɗa uku, waɗanda su ne ƙashin bayan wasan duka. Na farko, ba ya ba da labari kyauta: in kana son abin da ya sani, sai ka kawo masa abin da bai sani ba. Na biyu, duk maganar da zai faɗa sai ya jingina ta da ɗaya daga cikin kalmomi uku, ko dai "na gani", ko "wanda ya gani ya gaya mini", ko kuma "ana cewa". Na uku, ba ya faɗin wanda ya gaya masa, ko da za a yanka shi. Daɗin daɗawa, muka ajiye wani ɗan kofi a tsakiyar tebur. Duk lokacin da aka je wurinsa aka karɓi labari, sai mu jefa ƙwayar wake guda a ciki. Mun gaya wa yaran tun farko cewa ranar da wake ya kai shida, waɗanda ake bincike a kansu za su fara tambayar wane ne ke yi musu tonon silili.

Darasi na farko ya zo tun a mako na biyu. Kunnen Gari ya ce musu ana cewa an ga wani saurayi Bafulatani yana sayar da bijimi da araha a kasuwa. Kafin mu rufe baki ɗan banga ya ce a je a kamo shi. Malamar asibiti, wata yarinya 'yar aji biyar, ta ce, "Malam, ai cewa ya yi ana cewa." Sauran suka rinjaye ta. Aka jefa ƙwaya, aka kama saurayin, jama'ar kasuwa suka taru, kafin ɗan mai unguwa ya yi magana an fasa masa kai. Daga baya ta bayyana cewa bijimin nasa ne, mahaifiyarsa ce ke kwance a asibiti yake neman kuɗin magani. Tebur ya yi tsit. Ba mu yi musu wa'azi ba, don ba a bukata. Bayan 'yan watanni, a ƙarshen Maris na 2025, labari ya zo cewa an kashe mafarauta goma sha shida a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta dawowa gida Kano, bisa zargin cewa masu satar mutane ne, kuma da yawansu mutanen Bunkure ne, maƙwabtanmu. Da aka dawo hutu, yaron da ya zama ɗan banga ya same mu a ofishin malamai ya ce, "Malam, su ma da ana cewa aka kashe su ko?" Muka ce masa haka ne.

Tun daga ranar yaran suka canza salon tambaya. In Kunnen Gari ya yi magana, sai ka ji an ce, "Tsaya, wannan gani ka yi ko ji ka yi?" Har abin ya bi su cikin aji. Malamin tarihi ya ba mu labarin cewa ya faɗi wata magana a kan Bagauda, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan a cikin ukun wanne ne?" A zamanin da kowane yaro ke da waya a aljihu, kuma saƙon murya guda a WhatsApp kan iya tayar da gari kafin la'asar, muna ganin wannan tambaya ta fi darussa da yawa da ke cikin manhaja amfani.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Yaran sun saba da Kunnen Gari har suka mai da shi kamar rijiyar tsakar gida. Abu kaɗan sai a ce a je wurin mai shayi. Wake ya kai huɗu, ya kai biyar, ba wanda ya ƙara duban kofin. Ana nan sai bincike ya kai su ga wani babban dillali wanda ta hannunsa ake loda shanun sata a mota da dare. Dillalin ya karɓe su hannu bibbiyu, ya kawo musu fura, ya ce zai nuna musu inda shanu goma suke in za su gaya masa wanda ya turo su. Suka yi shawara a tsakaninsu. Mai sayar da kati ya ce ai ɗan jarida ne, aikinsa ke nan, ba abin da za a yi masa. Suka faɗi sunansa, suka sami shanu goma, suka koma ƙauye ana yi musu guɗa.

Mako na gaba suka ce a je wurin mai shayi. Muka ce sun je, ga benci, ga babur a jingine da bishiya, amma mai shi kwana uku ke nan ba a gan shi ba, matarsa ta zo nan sau biyu da goyo tana tambaya. Yarinyar nan malamar asibiti ta tura mana ƙwaya ta ce, "Malam, don Allah a sake jefawa." Muka ce ba ƙwaya ce ta ɓatar da shi ba, balle ƙwaya ta dawo da shi. Sai da suka shafe makonni huɗu suna nemansa, suka manta da sauran shanu talatin ɗin sam, kafin suka same shi a wani kango da karyayyen hannu. Da suka ba shi haƙuri, abin da muka sa a bakinsa kaɗan ne. Ya ce su ya riƙe sunayensu kwana tara, su kuwa nasa ko yini guda bai yi a bakinsu ba.

A ranar ne muka ajiye wasa muka ba su tarihin mutanen gaske, don su san ba daga iska muka ɗebo wannan hali ba. Muka gaya musu yadda a 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, bayan sun ƙi faɗin wanda ya ba su labarin da suka buga. Muka gaya musu yadda aka kai wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, bam a cikin ambulan har gidansa a Ikeja ranar 19 ga Oktoba, 1986. Muka ba su labarin Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, wanda ya ɓace a 1996, daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar, iyalinsa da abokan aikinsa kuma suka ƙi yarda da wannan bayani. Muka zo kusa da gida, muka ambaci Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe a cikin birnin Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, yana bakin aikinsa na ɗauko labarin hare-haren da aka kai a ranar. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa, yana da masu jiran ya dawo gida da yamma.

Yanzu bari mu juyo gare ku, 'yan'uwa marubuta. Labarin laifi ba sabon abu ba ne a adabinmu. Tun a 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kuma daga shekarun 1990 zuwa yau marubutan Kano sun zubo littattafan 'yan fashi da jami'an tsaro masu ɗimbin yawa, ga kuma tasirin James Hadley Chase da yawancinmu muka karanta a ɓoye a ƙarƙashin benci. Aikin jarida da Hausa shi ma ya tsufa, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya yi wa edita daga 1939, zuwa Albishir da Alfijir, zuwa shirye-shirye irin su Inda Ranka na gidan rediyon Freedom. Amma duk da haka, a yawancin littattafan da suka ratsa hannunmu, mai kawo labari ba shi da wata daraja. Yakan ɓullo a shafi guda, ya zazzage wa jarumi duk abin da yake bukata, ya ɓace. Ba a gaya mana inda ya samo ba, ba a gaya mana abin da ya ci a daren ba, ba a kuma gaya mana abin da ya same shi bayan jarumi ya tafi ya auri budurwarsa.

Abin da teburin nan ya koya mana shi ne, labari kaya ne mai tsada, kuma sau da yawa wanda ya ɗauko shi ne ke biya, wanda ya amfana da shi yana barci. Marubucin da ya gane haka, labarinsa zai yi nauyi ko da bai ƙara harbi ko guda ba. Don haka muna ba da shawara, duk wanda zai saka ɗan jarida ko wani mai tsegunta wa jarumi asiri a littafinsa, ya tsaya ya amsa wa kansa tambayoyi uku kafin ya ɗora alƙalami. A ina mutumin nan ya ji, kuma gani ya yi ko ji? Me yake so a ba shi, kuɗi ne, ko labari, ko kuwa a share wa wani nasa hawaye? Me zai rasa in aka gane shi ne ya faɗa? In an amsa waɗannan, za a ga mutumin ya miƙe da ƙafafunsa, har wani lokaci ya ƙi yin abin da marubucin ya so, kamar yadda namu ya yi mana sau da dama.

Akwai kuma ribar da mu malamai muka samu wadda ba mu yi tsammani ba. Da zango ya ƙare, muka ce kowa ya rubuto rahoton satar shanun kamar shi ne Kunnen Gari, shafi biyu, da sharaɗin kada a rubuta abin da ba a tabbatar ba, kada kuma a ambaci sunan wanda ya ba da labari. Yara goma sha ɗaya suka kawo, har da waɗanda kallo kawai suke yi ta taga. Wanda ya fi burge mu gajere ne ƙwarai, domin yaron ya zubar da duk wani "ana cewa", sai abin da ya rage masa bai cika shafi ba. Da muka tambaye shi, sai ya ce, "Malam, iyakar abin da na sani ke nan." Mun ba shi maki mafi yawa.

Muna kira ga rassan ƙungiyarmu da malaman Hausa na makarantun Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su jarraba wannan wasa. Ba ya bukatar wutar lantarki ko kuɗi. Tebur guda, da ƙwayar lido, da ɗan kofi, da wake shida sun isa. A bar yara su ƙaga nasu ɗan jaridar, ko 'yar jarida, su ba shi suna da gida da bashi, sa'an nan a zuba ido a ga ranar da za a tambaye su sunansa, ko za su riƙe. Allah Ya kare masu ɗauko mana labari, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanarsu.